Sun ce rangwamen zai ƙare ranar Juma'a: yadda ake yaudarar masu neman gurbin karatu a manyan makarantu

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. 'Yata ta gama sakandare bara da sakamako mai kyau, kuma burinta ta karanci aikin jinya. Wata uku da suka wuce ta cike wani fom a intanet, tun daga ranar wani mutum da ya ce shi mai ba ɗalibai shawara ne yake kiran ta kusan kullum. Ya turo mata takardar samun gurbi a wata jami'a mai zaman kanta a ƙasar waje, ya ce an yi mata rangwamen rabin kuɗin makaranta, za ta samu aikin da zai riƙe ta tana karatu, in ta gama kuma aiki na jiran ta. Sharaɗin shi ne mu biya kafin alƙalami zuwa ranar Juma'a, in ba haka ba a ba wani gurbin. Na riga na tura kuɗin fom a asusunsa. Hankalina bai kwanta ba, amma ina tsoron kada in toshe wa yarinya hanyar arzikinta. Shin damfara ce wannan, ko kuwa haka jami'o'i suke ɗaukar ɗalibai yanzu? Ta yaya zan gane?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yarinya albarka, ya sa karatun ya amfane ta ya amfane ku. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko wannan mutum ɗan damfara ne, da kuma hanyar da uba zai bi ya rarrabe tayin gaskiya da na yaudara tun kafin kuɗi ya bar hannunsa. Na yi shekaru ina aiki a ofishin ɗaukar ɗalibai na wata makaranta mai zaman kanta kafin in koma ba iyaye da ɗalibai shawara, don haka na ga lamarin daga ciki, na kuma gan shi daga waje. Abin da zan fara faɗa maka shi ne, 'yan damfara na ƙiri-ƙiri, masu buga takardar bogi su tsere da kuɗi, su ne kaɗan a cikin wannan harka. Cutar da ta fi yawa tana faruwa ne inda jami'ar take nan da gininta da malamanta, takardar gurbin ma ta gaskiya ce, amma abin da aka faɗa wa ɗalibi da baki ya sha bamban da abin da zai tarar. Shi ya sa tambayar ko makarantar tana nan ba ta wadatarwa. Tambayar da ta fi ta ita ce: wane ne yake biyan wannan mai ba da shawarar, kuma a kan me ake biyan sa?

Dillali ne, ko da wane suna ya kira kansa

Makarantar da ta dogara da kuɗin ɗalibai, duk kujerar da ta zauna babu kowa asara ce gare ta, domin albashin malamai da gyaran gini ba sa raguwa don aji bai cika ba. Ɗalibin da ya zo daga ƙasar waje kuwa, a ƙasashe da yawa ya fi ɗan ƙasa biya nesa ba kusa ba. Daga nan dillanci ya shigo. Jami'a takan ƙulla yarjejeniya da wakilai a ƙasashe daban-daban, tana ba su la'ada a kan kowane ɗalibin da ya yi rajista, kuma a yarjejeniyoyin da suka bi ta hannuna la'adar takan kama daga kashi 10 zuwa kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shekarar farko. Shi kansa wannan ba haramun ba ne, kuma manyan jami'o'i masu mutunci suna yin sa. Inda gizo yake saƙa shi ne, mutumin da ake biya in yarinya ta shiga makaranta kaza, ba a kuma biyan sa in ta shiga wata da ta fi dacewa da ita, ya zo yana gabatar da kansa a matsayin mai ba ta shawara. Duk nagartarsa, cikinsa yana wani ɓangare.

Fom ɗin da ta cike ma yana da nasa labarin. Da yawa daga shafukan da suke cewa za su nema wa ɗalibi makarantar da ta dace da shi ba makarantu ba ne, kamfanoni ne masu tattara sunaye da lambobin waya su sayar wa duk mai saye. A shekarar 2010, ofishin binciken kuɗaɗen gwamnatin Amurka ya tura jami'ansa sun yi shigar burtu a matsayin masu neman gurbi. Wasu daga cikinsu sun cike irin wannan fom, wayarsu ta fara ƙara cikin 'yan mintoci, har ɗaya ya samu kira sama da 180 a wata guda. A wannan binciken sun ziyarci kwalejoji 15 na 'yan kasuwa, suka tarar dukansu sun faɗa wa masu neman gurbin magana ta yaudara ko mai alamar tambaya, huɗu daga ciki kuma sun zuga su su yi ƙarya a takardar neman tallafin gwamnati. Saboda haka kiran da ake yi wa 'yarka kullum kada ya sa ta ɗauka cewa jami'ar ce ta ga wata baiwa tattare da ita take zawarcinta. Sunanta yana cikin jerin da aka ɗora wa wani ma'aikaci ne.

Na san wannan jerin domin na riƙe irinsa. A ofishin da na yi aiki akwai wani farin allo jikin bango, an rubuta sunan kowane ma'aikaci, a gabansa adadin waɗanda ya kira, da waɗanda suka cike fom, da waɗanda suka biya. Babu gurbi a allon na waɗanda suka kammala karatu, balle na waɗanda suka samu aiki. Kowace safiyar Litinin a gaban allon ake tsayawa, wanda lambarsa ta yi ƙasa ya sha faɗa a gaban abokan aikinsa. An ba mu takarda mai ɗauke da amsar kowace irin turjiya: in uba ya ce zai yi shawara, a ce masa gurabe sun kusa ƙarewa, in ya ce kuɗin ya yi yawa, a tambaye shi nawa ne farashin makomar ɗansa. Ba wanda ya taɓa umartar mu da mu yi ƙarya, amma kowa ya gane cewa faɗin dukan gaskiya yana rage lamba. Har yau ina jin nauyin wata uwa da na ƙyale ta tafi da fahimtar cewa ɗanta zai iya komawa wata jami'a da darussan da ya ci a wurinmu, alhali na san da wuya a karɓe su. Ban faɗa mata ƙarya ba, amma na yi shiru a inda ya wajaba in yi magana, kuma wannan shirun yana cikin dalilan da suka sa na bar aikin.

Abin da na gani a ƙaramin ofishi, majalisar dattawan Amurka ta gan shi a babban sikeli. Rahoton da kwamitin Sanata Tom Harkin ya fitar a 2012, bayan binciken shekara biyu a kan kamfanoni 30 masu mallakar kwalejoji, ya nuna cewa a 2009 sun kashe kashi 22.7 cikin ɗari na kuɗin shigarsu a kan talla da farautar ɗalibai, koyarwa kuwa kashi 17.2 ta samu. A 2010 suna da masu jawo ɗalibai sama da 35,000, amma ma'aikatan da suke taimaka wa waɗanda suka gama su samu aiki kimanin 3,500 ne. Tun 1992 dokar Amurka ta hana makarantun da suke cin gajiyar tallafin gwamnatin tarayya biyan ma'aikaci lada gwargwadon yawan kawunan da ya kawo, domin an ga ɓarnar da hakan yake haifarwa. Sai dai hanin bai shafi jawo ɗaliban ƙasashen waje da ba su cancanci wannan tallafi ba. Ka lura da wannan da kyau, Malam: abin da ƙasa ta ga bai dace a yi wa 'ya'yanta ba, ta bar ƙofarsa a buɗe a kan 'ya'yan wasu.

Alƙawura ukun da aka yi muku

Mu fara da rangwamen. Tallafin karatu na gaskiya akan neme shi, a yi takara a kansa, kuma yakan zo da takarda daga jami'a mai bayyana adadinsa da tsawon lokacinsa da sharuɗɗan ci gaba da samun sa. Rangwamen da ake ba duk wanda ya ɗaga waya kuwa, galibi farashin ne aka kumbura a rubuce don a rage shi da baki, ta yadda rabin da aka ce ka biya shi ne ainihin kuɗin da kowa yake biya. Wani lokaci rangwamen na shekarar farko ne kaɗai, ko an ɗaure shi da makin da ɗalibai ƙalilan ne suke iya riƙewa, sai a shekara ta biyu uba ya tarar da cikakken kuɗi a gabansa, yarinya tana can wata ƙasa, ja da baya ya yi wuya. Haka nan rabin kuɗin koyarwa ba rabin kuɗin karatu ba ne, domin masauki da inshorar lafiya da kuɗin rajista da na gwaje-gwaje da na sabunta izinin zama duk suna wajen lissafin. Batun Juma'a kuma ba na ɗaukar sa da nauyi. Jami'o'i suna da ranakun rufe karɓar takardu, amma a shafinsu ake wallafa su tun watanni kafin lokacin, kuma ranar kowa ɗaya ce. Wa'adin da aka yanka wa mutum ɗaya a waya, manufarsa ita ce a hana shi lokacin yin tambaya.

Alƙawarin aiki bayan kammalawa shi ne ya fi kowanne cin mutane, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Babu jami'ar da take da ikon ba da tabbacin aiki, sai fa in akwai yarjejeniya a rubuce da wani mai ɗaukar aiki da aka ambaci sunansa. Abin da makarantu suke yi shi ne su kawo alƙaluma, a ce kashi kaza na ɗalibanmu suna samun aiki, kuma a cikin lissafin alƙaluman ake yin rufa-ido. Jami'ar DeVry ta Amurka ta daɗe tana talla cewa kashi 90 cikin ɗari na ɗalibanta masu neman aiki suna samun sa a fanninsu cikin wata shida. Hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar ƙasar ta kai ta ƙara, tana cewa an ƙirga har da waɗanda suke riƙe da aikinsu tun kafin su shiga makarantar, da waɗanda aikinsu ba shi da alaƙa da abin da suka karanta, kuma a ƙarshen 2016 jami'ar ta amince ta biya dala miliyan 100 don a sasanta. A 2019 Jami'ar Phoenix ta amince da sulhun dala miliyan 191 a kan tallace-tallacen da suka sa mutane suka ɗauka tana da haɗin gwiwa da kamfanoni irin su Microsoft da AT&T don samar wa ɗalibanta aiki. Na Corinthian Colleges, wani kamfani mai kwalejoji a Amurka, ya fi muni. A Afrilun 2015 ma'aikatar ilimi ta ci tarar sa dala miliyan 30 bayan ta gano cewa wani reshensa yana biyan kamfanonin ɗaukar ma'aikatan wucin gadi su ɗauki ɗalibansa aikin 'yan kwanaki don a rubuta sun samu aiki, har wanda ya karanci aikin akanta yana aiki a gidan sayar da abinci an lissafa shi cikin masu aiki a fanninsu. Cikin wannan watan kamfanin ya rufe sauran makarantunsa, ɗalibai kimanin 16,000 suka wayi gari babu makaranta. Sai a 2022, bayan shekara bakwai, gwamnati ta yafe bashin dala biliyan 5.8 da yake kan mutum 560,000 da suka yi karatu a can. Waɗannan 'yan ƙasa ne masu gwamnatin da za ta tsaya musu. Baƙon da ya biya daga aljihun mahaifinsa ba shi da wanda zai yafe masa komai.

Shi kuma aikin da aka ce zai riƙe ta tana karatu, dokar shige da fice ta ƙasar ce take yanke hukunci a kansa, ba dillali ba. A Birtaniya, alal misali, ɗalibin digiri mai bizar karatu ba ya wuce awa 20 na aiki a mako lokacin zangon karatu, wasu ƙasashen kuma ba sa barin ɗalibi baƙo ya yi aiki sai da izini na musamman. Dokokin suna canzawa ma: daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana mafi yawan ɗalibai baƙi zuwa da iyalansu, abin da dillalai suka daɗe suna talla da shi. Ko inda doka ta yarda, karatun jinya yana cinye yini da dare da zaman asibiti, kuma ban taɓa ganin ɗalibar jinya da ta biya kuɗin makaranta da na masauki daga aikin 'yan sa'o'i ba tare da karatun ya raunana ba.

Abin da ba a faɗa muku ba

A fannin jinya akwai abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci, kuma na lura bai zo cikin bayanin da aka yi muku ba, wato tantancewa. Izinin da ƙasa ta ba makaranta ta buɗe daban, amincewa da wani kwas nata daban, sannan amincewar hukumar da take ba ma'aikatan jinya lasisi a ƙasar da yarinya za ta yi aiki shi ma daban. Dillali zai ce maka makarantar tana da rajista, kuma gaskiya ya faɗa, amma rajistar ba ta nufin hukumar jinya za ta bar mai wannan digiri ta zauna jarrabawar lasisi. Na taɓa zama da wani uba da ya zo da jakar takardu, kowane rasit na shekara huɗu a jere, an liƙe su da kyau bisa kwanan wata. A saman jakar akwai takardar digirin ɗansa mai hatimin zinariya, a ƙarƙashinta wasiƙa mai layi uku daga hukumar ba da lasisi, tana cewa sa'o'in horon asibiti da yaron ya yi ba su kai yadda ake buƙata ba. Ya riƙa shafa hatimin da yatsa yana tambaya ta ko akwai ofishin da za a je a gyara. Babu wanda ya buga masa takardar bogi. An dai sayar masa da digirin da ba ya kai mutum inda ya nufa.

Ko ita tantancewar ba a rungumar ta ido rufe. Akwai ƙungiyoyin tantancewa na jeka-na-yi-ka da masu makarantun suke kafawa da kansu don su samu tambarin da za su manna a shafinsu. Har hukumar da gwamnati ta amince da ita tana iya sakaci: ACICS, wadda ta tantance da yawa daga makarantun Corinthian da na ITT Technical Institute da ya rufe a 2016, gwamnatin Amurka ta janye amincewa da ita baki ɗaya a 2022. Haka matsayin da makarantu suke taƙama da shi a jerin jami'o'in duniya. A 2017 hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya ta umarci jami'o'i shida su janye iƙirarin da suke yi game da matsayinsu saboda yana iya ɓatar da mai karatu, kuma a 2022 Jami'ar Columbia ta Amurka, duk girmanta, ta amsa cewa ta miƙa alƙaluman da ba daidai ba bayan wani farfesanta na lissafi ya tona, ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18 a jerin jami'o'in Amurka na mujallar U.S. News. In irin waɗannan sun yi haka, to ƙaramar makarantar da take kiran kanta ta ɗaya a yankinta sai a tambaye ta wa ya auna, kuma da wane ma'auni.

Wuri ma ana yaudara da shi. Dillalai sun daɗe suna tallata jami'o'in arewacin tsibirin Saifurus a matsayin karatu a Turai, ba tare da sun bayyana cewa Turkiyya ce kaɗai ta amince da yankin a matsayin ƙasa ba, kuma dokokin Tarayyar Turai ba sa aiki a can, don haka izinin zama a can ba ya buɗe ƙofar sauran ƙasashen Turai. Wani lokaci kuma sunan babbar jami'a ne a saman takarda, amma gurbin na shirin share fage ne da wani kamfani yake gudanarwa, ko na wani reshe a wani gari dabam, kuma wucewa zuwa ainihin digirin sai an sake cika wasu sharuɗɗa. Ga mai karatun jinya akwai ƙarin tambayar harshe: ana iya koyarwa a aji da Ingilishi, amma majinyatan asibitin da za ta yi horo da harshensu za su yi mata magana.

Takardar bogi ita ma tana nan, ban ce babu ita ba. A 2023 ɗaruruwan ɗalibai 'yan Indiya a Kanada suka shiga barazanar kora bayan an gano cewa takardun gurbin da aka nema musu biza da su jabu ne. Da yawansu sun ce ba su sani ba: bayan sun sauka ne dillali ya ce musu gurbin ya cika, su shiga wata kwaleji, suka yi karatunsu suka gama, sai da suka nemi izinin zama na dindindin bayan shekaru asiri ya tonu. Wannan ya sa daga Disambar 2023 hukumar shige da fice ta Kanada ta fara tabbatar da kowace takardar gurbi kai tsaye daga makarantar da aka ce ta bayar. Darasin da yake ciki mai ɗaci ne, domin duk takardar da aka shigar da sunan ɗalibi, shi hukuma take tuhuma da farko, ko da wani ne ya cike ta.

Abin da nake ba ka shawara ka yi

Kada ka biya komai ranar Juma'a. In gurbin na gaskiya ne, mako biyu ba za su kashe shi ba, in kuma ya mutu saboda ka nemi lokacin bincike, to ba gurbin da za a yi baƙin cikin rasawa ba ne. Ka nemo shafin jami'ar da kanka, ba ta adireshin da mutumin ya turo ba, ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai wasiƙa ta imel mai ɗauke da sunan yarinya da lambar takardar. Ka tambaye su ko su suka bayar da ita, ko gurbin yana da sharaɗi, a wane reshe yake, ko wannan mutum wakilinsu ne mai izini, nawa ne jimillar kuɗin dukan shekarun kwas ɗin, shekara nawa rangwamen zai yi, kuma mene ne ƙa'idarsu ta mayar da kuɗi in an hana biza. Ka dage a ba ka amsa a rubuce. Na sha ganin alƙawarin da ake maimaitawa sau goma a waya ya ɓace da zarar an ce a rubuta shi.

Daga nan sai ka tafi wurin waɗanda ba su da riba ko asara a cikin shawararka. Ma'aikatar ilimi ko hukumar jami'o'i ta ƙasar da makarantar take takan wallafa jerin makarantun da ta amince da su. Ostareliya ma tana da rajista ta musamman, CRICOS, ta kwasa-kwasan da aka yarda a koyar da baƙi, kuma dokarta ta shekarar 2000 ta ɗora wa makarantu alhakin abin da wakilansu suke yi. Ƙungiyar jami'o'i ta duniya tana da kundin manyan makarantu da take gudanarwa tare da UNESCO, ana iya duba shi kyauta a intanet. Sharuɗɗan aiki da na biza a shafin hukumar shige da fice ta ƙasar za ka karanta su. Mafi muhimmanci, ka rubuta wa hukumar da take ba ma'aikatan jinya lasisi a ƙasar da 'yarka take son yin aiki, ka ambaci sunan makarantar da na kwas ɗin, ka tambaye su ko mai wannan digiri za ta iya yin rajista da su. Sannan ku nemi ɗalibai biyu ko uku da suke shekarar ƙarshe ko suka gama, waɗanda ku kuka samo su, ba waɗanda dillali ya haɗa ku da su ba, domin wasu makarantun suna rage wa ɗalibi kuɗi in ya kawo wani, sai ɗalibin ma ya zama ƙaramin dillali.

Shi kuma mutumin, ka tambaye shi kai tsaye cikin mutunci: wa yake biyan ka, kuma nawa? Wakilin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Tun 2012 hukumomin ilimi na Birtaniya da Ostareliya da Ireland da New Zealand suka fitar da ƙa'idojin ɗa'a ga wakilai, waɗanda suka nemi a yi mu'amala a fili kuma a rubuce, kuma na san wakilai da suke aiki a kan haka, suna faɗa wa uba gaskiya ko da za su rasa la'ada. Abin da ya fi damu na a labarinka shi ne kuɗin fom da ya shiga asusun mutum. Kuɗin makaranta asusun makaranta yake shiga, da sunanta, kuma ita take ba da rasit. In wakili yana da nasa kuɗin hidima, sai ya faɗe shi daban, ya ba da takarda a kansa. Ka adana shaidar turawar da duk saƙonnin da ya aiko, kada a goge ko ɗaya, kuma kada ku ba shi asalin fasfo ko asalin takardar sakamakon jarrabawa.

Ban ga takardar ba, ba ka kuma ambaci sunan makarantar ko ƙasar ba, saboda haka ba zan yanke hukunci cewa wannan mutum macuci ne ba, kuma ni ba lauya ba ne da zan faɗa maka ko kuɗin fom zai dawo ta hanyar shari'a, domin wannan ya danganta da dokar inda kuke. Abin da zan iya cewa shi ne alamomi huɗu sun taru a labari ɗaya: wa'adin gaggawa, rangwamen da ba a nema ba, tabbacin aiki, da biya a asusun mutum. Kowace ɗaya ita kaɗai tana iya samun bayani, amma in sun haɗu haka ban taɓa ba wani uba shawarar ya ci gaba kafin ya bincika ba.

Saura yarinya, wadda ita ce ta fi kowa shiga tsaka mai wuya. Wata uku ana kiran ta ana yaba mata, ana nuna mata hotunan ɗakunan karatu, wataƙila ma ta riga ta faɗa wa ƙawayenta za ta tafi. In ka ce mata a'a kawai, za ta ga kamar kai ne ka tare mata hanya, kuma mutumin zai yi amfani da wannan, domin a cikin takardar amsoshin da na ba ka labari har da abin da ake faɗa wa ɗalibi in iyayensa sun ja baya. Ka zaunar da ita ka nuna mata cewa burinta na jinya kake karewa, ka sa ita da hannunta ta rubuta wasiƙun nan zuwa jami'ar da hukumar lasisi, kai kana gefenta, amsar kuma ta zo ta adireshinta. A lokaci guda ku nemi gurbi a wasu makarantu biyu ko uku da kuka zaɓa da kanku daga jerin waɗanda hukumar jinya ta amince da su, don kada ya zama wannan ne kaɗai abin da take kallo. In amsoshin sun zo, ka turo mini su tare da hoton takardar gurbin, bayan ka rufe sunanta da lambar fasfo, mu duba su layi-layi.